Waƙar Noma a Rikoda Mai Ja

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka fara kwarara a ƙasar nan har kowane saurayi ya ga kamar da rabonsa a ciki, ni sana'ata ita ce zama wani mutum. Ba wasa nake yi ba. Akwai wani makaɗin noma daga yamma da mu, can wajen Zamfara, wanda a lokacin ban taɓa sa shi a idona ba, amma in ana biki a ƙauyukan da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari har zuwa Sabuwa, ni ake kira in zo in yi waƙoƙinsa. Na ɗauke muryarsa tsaf. Na ɗauke gyaran muryar da yake yi kafin ya fara. Har wani ɗan tari da yake yi a tsakiyar wata waƙa na ɗauka, ina yin sa daidai wurin da ya yi. Mutane su yi ta sowa suna cewa ga shi nan ya zo, ni kuma in ƙara kumbura, ɗan ƙauye da aron murya.

Mu asalinmu Maguzawa ne, a wata 'yar unguwa bayan Ƙanƙara. Mahaifina manomi ne na ji da faɗi, irin waɗanda in sun sunkuya a gona ba sa ɗagowa sai rana ta raba. Shekarar da ya tara dami dubu na dawa, ina goye a bayan mahaifiyata, ya yi biki irin na al'ada, kuma wannan makaɗi ne aka ɗauko, yana matashi ba a san shi ba, ya yi masa kiɗa a gona. Da labarin nan na tashi. A gidanmu ba a yin hira mai tsawo ba a kawo shi ba.

Ina saurayi na karɓi Yesu, ta hannun wani tsoho mai bishara da ya zo ya zauna a unguwarmu, wanda kowa ke ce wa Malam. Da farko mahaifina bai damu ba, ya ɗauka yarinta ce za ta wuce. Sai da damina ta gabato. A al'adar gidanmu, kafin a yi shuka ana zuwa gindin wata tsohuwar bishiya a yanka jan zakara, kuma babban ɗa shi ke riƙe zakaran uban ya yanka. Ni ne babba. A gaban baffannina da kowa na ce ba zan riƙe ba. Mahaifina ya dube ni, bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya miƙa wa ƙanena zakaran. Daga ranar bai ƙara yi mini magana ba.

Bai kore ni ba. Muna cin tuwo a tsakar gida ɗaya, muna noma gona ɗaya. Amma in yana son in ɗauko masa gatari, ina tsaye a gabansa zai juya wajen mahaifiyata ya ce, "Ki hwaɗa ma wancan shi miƙo gatari." Ita kuma, baiwar Allah, sai ta juyo ta maimaita mini kamar ban ji ba. Wanda bai taɓa zama da irin wannan shiru ba ba zai gane nauyinsa ba. Na fi son a ce duka yake yi mini, domin duka yana ƙarewa.

Ana haka wani abokina, wanda ya tafi Kaduna leburanci wurin masu aikin titi, ya dawo da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da baƙin tabarau da wata rikoda ta hannu. A cikinta akwai kaset ɗaya, na wannan makaɗi. Gidan rediyo ba su cika sa irin waƙoƙinsa ba, sun fi sa na mawaƙan birni, saboda haka yawancinmu ranar muka fara jin sa. Murya ce mai kauri, mai nauyi, tana tafiya a hankali kamar ba ta da inda za ta. Tsofaffin da suka tuna da bikin mahaifina suka ce lallai girma ya kama shi, murya ta nuna.

Ba mu da lantarki, batir kuma tsada. In ya yi sanyi mu shanya shi a rana a kan rufin kwano, ko mu daddoke shi da dutse, mu mayar. Kaset kuwa ba a bari rikoda ta mayar da shi baya, da biro ake juya shi don kada a ci batir a banza. Da samari suka fara dawowa daga birane da nasu rikodojin, kowa ya so waƙar. Yadda muke yi, a shiga ɗaki a rufe, a kori awaki da yara, a haɗa rikoda biyu baki da baki, ta abokina tana yi ɗayar tana ɗauka. Daga wannan a ɗauka a wata, daga wata a wata. Haka waƙar ta bi ƙauyuka har Sabuwa. Na taɓa jin wani kaset a kasuwar 'Yankara, a tsakiyar waƙa sai ga carar zakaran gidan abokina.

Ni dai na san dalilin da ya sa na manne wa rikodar nan, ko da yake a lokacin ban faɗa wa kowa ba. Akwai inuwar rumbu inda mahaifina ke zama da yamma yana tufkar igiya ko gyaran ƙota. A bayan rumbun na kafa makarantata. In kunna, in saurara, in kashe, in maimaita, in juya da biro, in sake. Ina cewa a raina, in ba zai ji muryata ba, ai zai ji ta mutumin da ya yi masa kiɗa ranar da ya fi kowace rana a rayuwarsa. Bai taɓa ɗago kai ba. Amma kuma bai taɓa tashi ya bar wurin ba, da wannan na riƙa rarrashin kaina.

Kafin a jima na iya. Abokina ya koma makaɗina, muka samu 'yan amshi, muka shiga yawon bukukuwa a kan keke, daga baya a bayan akori-kura. Kuɗi sun shigo hannun mutane, kowa yana son a ce an yi kiɗa a bikinsa, mai waƙar na asali kuma ya fi ƙarfin ɗan ƙauye. Sai a ɗauko ni. Wani lokaci in mun yi wasa kusa da gari, nakan ga wasu ma'aikata suna murmushi suna raɗa. Na ce hassada ce.

Wata Lahadi a 'yar majami'armu ta jinka, Malam ya karanta wurin da aka ce mu zama masu koyi da Almasihu. Ya rufe littafi, ya dubi jama'a, rabinsu suna gyangyaɗi saboda gajiyar gona. Sai ya kira ni ya ce in miƙe.

"Wanga yaro," in ji shi, "ya taɓa ganin mai waƙar da shike yi?"

Aka ce a'a.

"To ya aka yi in ya buɗe baki kuke cewa ga shi nan ya zo?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ai ba shi da aiki sai saurare, Malam. Ya hana mu sakat."

Aka yi dariya, masu gyangyaɗi suka farka. Malam ya ce, "Yauwa, Inna ta ba da amsa. Sahe da yamma kunnenshi na jikin rikoda. In ya kuskure baiti, ba shi cewa ai haka ma ya yi, komawa baya shike. Mu ma ba wanda ya ga Yesu da ido a cikinmu. Amma mun ji yadda ya yi da kutare, mun ji yadda ya yi da waɗanda suka zage shi. To in kun shiga kasuwa ran kasuwa, wa zai dube ku shi ce ga shi nan ya zo? Ko a gidajenku, wa zai hwaɗi haka?"

Ya ƙara da cewa in an tafa mini a biki, ba sunana ake kira ba, sunan mai waƙar ne, kuma haka ya kamata mai bi ya zama. Gaskiya wannan ɓangaren bai shige ni ba. Ni abin da na ji kawai shi ne an tsayar da ni a majami'a an ce a yi koyi da ni. Bayan sujada wasu dattawa suka bi Malam da ƙorafi, wai ya za a kawo misali da kiɗan biki, inda ake shan giya, a ɗakin Allah. Ya ce da su in sun samo masa wani a unguwar da ya nace wa abu kamar yadda na nace, zai canza misali. Ba su samo ba. Daga nan duk ƙauyen da ya je wa'azi sai ya ba da labarina, har na zama kamar wata aya a bakinsa.

Sai ga labari wani Alhaji ɗan kwangila a Sheme, wanda ya yi arziki da ginin makarantu, zai aurar da ƙanensa, kuma ya ɗauko makaɗin da kansa. Aka ba Alhajin labarina, ya aiko a ce in zo in share fage kafin babban ya shiga. Ranar da saƙon ya zo na tsaya a tsakar gida na gaya wa mahaifiyata da ƙarfi, yadda na inuwar rumbu zai ji. Can sai na ji ya ce, "Ki hwaɗa mashi shi tahi da kunnenshi, ba da bakinshi kaɗai ba." Na ɗauka baƙar magana ce irin tasa. Duk da haka na ji daɗi, don an daɗe bai aiko mini da saƙon da ba na gatari ko fartanya ba.

Mutanen unguwarmu da na maƙwabta suka cika mota, aka raka ni kamar ango. A Sheme an kafa rumfa, an kawo janareto da lasifika, motoci sababbi fil an jera su. Bayan la'asar aka ce in shiga. Na gyara murya yadda ya saba, na ja waƙar nan ta noma, na yi tarin a inda yake. Mutanenmu suka ɗauki sowa. Amma da na saci kallon inda makaɗin da jama'arsa suke zaune, sai na ga 'yan amshinsa sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Ɗaya har ya cusa hula a baki.

Da na gama ya miƙe. Ni a raina na sa ran ganin wani ƙato mai faɗin ƙirji. Sai ga ɗan siririn dattijo, gajere, idanunsa sun yi ja da gajiyar hanya. Makaɗansa suka saki kiɗa, ya buɗe baki. Waƙar da na gama yi ce, baiti da baiti, amma muryar siririya ce, mai kaifi, tana gudu, kiɗan yana tsalle har ƙafar mutum ba ta iya zama wuri ɗaya. A take na gane duk shekarun nan ba muryarsa nake yi ba.

Abin dariyar, mutanenmu ba su yarda ba. Na ji ana gunaguni a bayana. Tsohuwar nan ta majami'a ta ɗaga murya ta ce, "Wanga ba shi ba ne! An cuci Alhaji, an kawo mashi jabu!" Sai da aka rirriƙe ta.

Da aka tashi ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi. Bai wulaƙanta ni ba, kuma da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Samari," ya ce, "wa ya rasu?"

Na ce, "Ranka shi daɗe?"

"Na ji kana waƙata kamar ana rakiyar gawa. A ina ka koya?"

Abokina ya kawo rikodar, don ba ma rabuwa da ita. Wani daga cikin makaɗansa ya sa mata sabon batir, ya zura nasu kaset. Sai ga muryar da muka sani, mai kauri, mai jan jiki. Mutumin ya juya rikodar ya ce robar da ke juya kaset ta saki tun tuni, ga kuma mataccen batir da muke ta shanyawa. Makaɗin ya saurari kansa a hakan ya girgiza kai. Ya ce, "Tarin nan kuma da ka yi, ran da aka ɗauki waƙar mura nake." Ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari, ya shiga mota. A hanyar komawa gida ba wanda ya yi magana in ban da tsohuwar, wadda har muka sauka tana rantsuwa cewa ni ne na gaskiya.

Washegari na tafi wurin Malam da fushina, kamar shi ya saki robar. Na same shi yana ɗinke takalminsa na taya. Na ce, "Malam, misalinka ya lalace. Sai ka nemi wani." Na kwashe labari na ba shi. Ya yi dariya har hawaye, musamman wurin murar. Sannan ya ajiye takalmin, ya dube ni.

"Ni wa kake jin ya koya mani Yesu?" ya ce. "Wani kuturu ne a asibitin mishan, lokacin da na kai yayana jinya. Shi kuma ya koya wurin wata baturiya da Hausarta ba ta hita. Ita ma wani ya koya mata. Baki da baki, kamar rikodojinku. Allah kaɗai ya san yawan jan da ke cikin nawa. Wataƙila har murar wani nake yi ina cewa ibada ce."

Na ce, "To ina amfanin abin?"

"Kai ka yi sa'a, ka ji na asali tun kana da sauran ƙarhi. Koma ka gyara abin da ke gyaruwa. Ni ma ran da na tsaya gabanshi na san kunya zan ji irin wadda ka ji jiya. Amma na hi son shi iske ni ina waƙarshi a karkace da shi iske ni na yi shiru."

Ban ji sanyi ba. Saurayi ne ni, ba hikima na je nema ba, so nake wani ya taya ni jin haushi.

Na kai rikodar Funtuwa aka sa mata sabuwar roba, na sayo kaset mai kyau, na koma bayan rumbu. Rani guda na yi ina kokawa da maƙogwarona. Muryata dama mai kauri ce, na riƙa matse ta ina gudu da ita har na dishe. A ƙarshe na kusa. Sai dai ba wanda yake so. Mutanen ƙauye suka ce tun da na je Sheme na lalace, na bar waƙar gaskiya na kama ta jabu. Mutanen gari kuma suka ce ga kaset na asali a kasuwa, me za su yi da ni. Kiran biki ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Abokina ya sayar da gangarsa ya koma Kaduna. Na koma gona, ina noma kusa da mutumin da ba ya yi mini magana, ga shi yanzu ba ni da muryar kowa da zan aika masa. Ban taɓa gajiya irin ta wannan shekarar ba, kuma ba gajiyar jiki ba ce.

Da damina ta yi tsaka, fartanya ta sari mahaifina a ƙafa. Ya raina ciwon, ya ci gaba da shiga gona, har ƙafar ta kumbura ta ƙi taka ƙasa. Mun kai shi asibiti, aka ba da magani, muka dawo, amma jiki ya riga ya saki. A da in babban manomi ya kwanta, gayya ake kira a nome masa gona rana ɗaya. A shekarar kuwa samari duk sun tafi birni bin kuɗin mai, har da ƙanena. Unguwa ta rage tsofaffi da mata da ni.

Malam ne ya fara zuwa. Kullum da safe zai zo da ruwan ɗumi da gishiri, ya durƙusa ya wanke ƙafar nan da ko mu 'yan gida sai mun daure muke kusantarta. In ya gama ya ɗauki fartanya ya bi ni gona. Ba manomin kirki ba ne, Allah ya ji ƙansa. In na kai ƙarshen gona na waiwayo, yana can baya yana haki. Mahaifina, da aka kan fito da shi inuwar rumbu yana hango mu, ba ya raga masa.

"Kai tsoho! Dawar kake sarewa ko ciyawar?"

"Duk wadda ta zo hannu, Sarkin Noma."

"In don in bi addininka kake yi, ka huta."

"Ban tambaye ka ba. Miƙo ƙahwar."

Haka suke kullum. Ina jin su, ina jin kishi. Mutumin da ya raba ni da zakaran gidanmu yana samun zagi kai tsaye, ni ɗan cikinsa ko zagin ban samu ba.

Wata yamma, dawa ta fara fitar da kai, na dawo daga gona na same shi kwance a kan tabarma a inuwar rumbun. Ya rame har ba ka cewa shi ne ya tara dami dubu. Mahaifiyata tana gefensa tana tsince wake. Na gaishe shi kamar kullum, na juya zan wuce kamar kullum. Sai na ji ya ce, "Ki hwaɗa mashi shi yi waƙar nan."

Na ajiye fartanya, na tsaya, na tattaro duk abin da na koya a ranin nan. Na matse murya, na saki waƙar da gudunta na asali, ba tari, ba ja. Na ce yau zai ji ta yadda aka yi masa ita a gona. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Ba wagga ba."

Na dubi mahaifiyata, ina jiran ta maimaita. Sai na ga ta bar tsintar wake ta zuba masa ido. Ashe ba ita yake kallo ba. Ni yake kallo.

"Wagga tashi ce," ya ce. "Da ita na yi noma kana goye. Tun ran da ka hwara bayan rumbun nan na san rikodarku na ja. Ba mai noma da kiɗa irin wancan, sai dai damina ta wuce shi."

Na ce, "Baba, ka sani? Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Muna magana ne?"

Mahaifiyata ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da kuka, ta rufe fuska da gefen zani.

"Zauna," ya ce. "Yi mani taka, mai jan ƙahwa. Yanzu ita ce daidai da tahiyata."

Na zauna a ƙasa kusa da kansa. Na saki maƙogwarona ya koma inda Allah ya ajiye shi, na ja waƙar a hankali, yadda na yi ta yi a bayan rumbun nan yana tufkar igiya. Da na zo wurin tarin na yi jinkiri, sai ya buɗe ido ya ce, "Har tarin." Na yi tarin. Na kai ta ƙarshe da ƙyar, don murya ba ta tafiya daidai in mutum yana haɗiye kuka.

Can ya nuna hanyar gidan Malam da haɓa.

"Shi ma malaminku haka shike, shina ja. Nomanshi ba kyau. Ni ban san wanda shike kwaikwayo ba. Amma in haka wancan shike da mutane, to ban ga laihinka ba ƙwarai."

Ƙwarai ɗin nan bai janye shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Bai bi addinina ba, ni kuma ban riƙe zakara ba. Ya rasu kafin a yanke dawa, aka binne shi bisa al'adarsa. Amma a 'yan makonnin da suka rage masa ya yi mini magana kullum. Yawanci faɗa ne, a kan yadda na ɗaure akuya ko na bar fartanya a ruwa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Yau duk sun tafi, Malam da makaɗin da mahaifiyata. Unguwar ma ta watse, hanyoyin da muka bi a keke da ganga a baya yanzu mutum sai ya yi tunani kafin ya bi su. Ni kuma na tsufa a cikin bin Yesun nan, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na gaji. Na daɗe ina ƙoƙarin yin haƙuri irin na Yesu da yafiya irin tasa, amma kullum in na koma na karanta yadda ya yi, sai in ji ni a Sheme, a tsaye a bakin rumfa, ina jin na asali yana wuce ni da gudu. Ba wanda ya taɓa ganina a kasuwa ya ce ga shi nan ya zo. Ko matata ba za ta ce ba, ita da ta fi kowa sanin inda robata ta saki.

Abin da ya hana ni ajiyewa bai wuce abin da na gani da idona ba. Na ga tsoho ya durƙusa gaban ruɓaɓɓiyar ƙafa da kwaikwayonsa mai ja, wanda ya karɓa daga kuturu, kuma mutumin da ya fi kowa taurin kai a ƙasar Ƙanƙara ya gane waƙar wani ake yi. Saboda haka in na gyara abin da ke gyaruwa, sauran kuma ya ƙi, ba na yin shiru. Wasu safiyoyin ko addu'a ba ta fita, jiki ya ƙi, zuciya ta ƙi. Sai in zauna a bakin gado in tuna da hannun nan da aka ɗaga, da muryar da na yi shekaru ina jira ta juyo wajena.

Yi mani taka.

Sai in gyara murya, in fara a hankali.